Rasuwar Ta-Baba, Akori-kurar da Ta Tafi da Fentin Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu dabam wanda ba baƙin ciki ba ne, nake sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa taya ni turin mota, rasuwar akori-kurata, wadda kowa ya sani da suna Ta-Baba. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kwanar bayan kasuwar katako, tana da shekara talatin da takwas a duniya, da buhun siminti goma sha biyu a bayanta.

Marigayiyar gado ce. Mahaifinmu ne ya shigo da ita gida sabuwa fil, da ya rasu kuma ta faɗo hannuna, tunda ni ne babba. Ta yi rayuwar mutunci. Ba ta taɓa tashi da bugu ɗaya ba, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Sai ta ce "kir-kir-kir", ta yi shiru kamar mai nazari, sannan ta ce "gurum", maƙwabta su san gari ya waye. Ta kwashe kayan masu ƙaura, ta kai marasa lafiya asibiti, ta ja motocin da suka fi ta kyau zuwa gareji, ba ta yi wa ko ɗaya gori ba.

Abu ɗaya ta rasa a rayuwa, shi ne launinta. Koriya ce ta asali, wani kore mai ɗan duhu da ban san sunansa ba. Da tsufa ya kama Baba, ya goga ta da katanga, sai ya kankare ta ciki da waje har ƙarfe, ya shafe ta da ragowar fentin ƙofar gida, ruwan toka. Innarmu ba ta taɓa yafe wannan aiki ba. Bayan rasuwarsa ta ce mini, "Kafin in bi shi, ina so in ga motar nan yadda ya shigo da ita." Na ɗauki alkawari. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Mai fenti ya gaya mini cewa kowace mota tana fitowa da lambar launinta, an buga a wani ɗan farantin ƙarfe kamar kwalin ashana. In ya ga lambar, zai haɗa launin daidai. In babu, sai lalube. Na duba jikin ƙofa, na duba ƙarƙashin bonet, na ciro kujera, na kwanta a ƙasa da tocila har mai ɗakina ta daina wanke mini rigar. Babu. Sau uku muna lalube, sau uku Inna tana dogaro sandarta zuwa ƙofar gida. Na farko ta ce, "Wannan ai katangar asibiti ce." Na biyu ta ce bokiti ne. Na uku sannu da ƙoƙari kawai ta yi mini, ta koma ciki. Da wannan fenti na uku marigayiyar ta bar duniya.

A nan dole in ambaci ƙanina. Ba na jin haushinsa, ina kuma so a rubuta wannan saboda masu ƙananan maganganu. Shekara biyu da suka wuce ya je wajen masu sayen tsohon ƙarfe ya tsinto wata irin Ta-Baba sak, shekararsu ɗaya, ba ta da launi ba ta da farantin lamba, ba ta san Baba ba ko a mafarki. Abin da kawai take da shi wili ne masu faɗi, masu ƙyalli. A kan wannan ne mutanen da Ta-Baba ta yi wa hidima shekara da shekaru suka fara wuce ta ba gaisuwa, su je su tsuguna suna kallon fuskarsu a ƙafar baƙuwa.

Daga nan ciwon ajali ya faro. Na nemo wili huɗu irin nasa, har sun ɗan fi nasa ƙyalli. Bakanikenmu, wanda yake duba ta tun zamanin Baba, ya juya ɗaya ya ce, "Maigida, ramukan noti shida ne, na gani. Amma ka auna tazararsu? Na Ta-Baba sun fi waɗannan buɗewa da kamar kaurin farce." Na ce kaurin farce bai taɓa kayar da mota ba. Ya ƙi ɗaurawa, na wuce wajen mai walda ya goge ramukan har suka shiga.

Ƙanina ya same ni a can. Ya ce, "Yaya, don Allah kar ka sa su. Nawa ma cin taya suke yi, cire su zan yi. In ka gaji da tsofaffin naka, ka ba ni." Ni kuwa hassada na ji a muryarsa ƙarara. Na ce ya kwashe, ya yi murhu da su in yana so. Ya kwashe har da godiya.

Kwana tara ta yi da sababbin takalman. Ta yi ta kai ƙara daga ƙafar baya ta hagu, tana cewa "ƙwas, ƙwas, ƙwas", ni kuma ina ƙara muryar rediyo. Ranar Talata, muna shan kwana, sai na ga wata taya ta wuce ni tana ƙyalli, har na yaba kyanta kafin in gane tamu ce. Ta-Baba ta durƙusa, ta daki bakin kwalbati, ta ce "gau" sau ɗaya. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya ga ƙashin bayanta ya lanƙwashe, ya cire hularsa.

Washegari muka je kwashe kayanta. A cikin murfin durowar gaba akwai hoton Baba, wanda na manna da hannuna a makon da ya rasu, na kuma hana kowa taɓawa. Ƙanina ya sa farce ya ɓare shi a hankali, don ya kai wa Inna. Sai ya ce, "Yaya, zo ka gani." Farantin ne a ƙarƙashin hoton, da lambarsa tsaf, ko tsatsa babu. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe murfin nan kullum, in gaida Baba, in rufe.

Ya ce, "Ka yarda in kwafa?" A gaban mutane ya tambaya, da ladabi. Da sata ya yi, da yau ina da abin faɗa. Na ce ya kwafa.

Marigayiyar ta bar ni, ta bar Inna, ta bar jak guda da sifana biyu. Ta bar wili uku masu ƙyalli, na huɗun ana ci gaba da cigiyarsa. Ta kuma bar tsofaffin wilinta huɗu, waɗanda ba a yi murhu da su ba, suna nan a ƙafar motar ƙanina, sun zauna mata daram kamar don ita aka yi su.

Jiya da la'asar ƙanina ya shigo layinmu da motarsa daga wajen mai fenti, sanye da koren nan na asali. Ina zaune a ƙofar gida. Inna, wadda sai an kama ta take tashi, ta miƙe da kanta, ta bar sandar a ƙasa. Ta shafa ƙofar motar, ta ce, "Motar babanku ta dawo." Ta yi ta sa masa albarka. Na ce amin tare da kowa.

Za a raka marigayiya makwancinta, wajen masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga garejin bakanike, wanda ya ara mata ƙafa ɗaya don tafiyar ƙarshe. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya ta ɓangaren gawa, kada kowa ya yabi fentin kowa a kunnena. Na nemi wata motar da za ta ja ta, Inna ta ce ba a kai ɗan gida da motar haya. Don haka ƙanina ne zai ja. Inna za ta zauna a gaba, kusa da shi, da hoton Baba a cinyarta. Ni zan riƙe sitiyarin marigayiya a baya, igiya tsakaninmu, ina kallon koren nan har mu isa.

Allah ya ba mu haƙuri, musamman ni.