Hanyar Tsaunin Marke

Mutanen Tsaunin Marke ba sa sauka gari da takalmi a ƙafa. A wuya suke rataye shi don kada dutse ya cinye, sai sun iso bakin kwalta su wanke ƙafa su saka. Haka Baffa Jatau ya yi ranar da ya sauko da dattawa da huhun goro, don nema wa ɗan ƙanensa Dogara auren Balaraba, 'yar Alhaji Sambo ɗan kwangila. Yaran sun daɗe da daidaita kansu, amincewar uba kawai ta rage. Sai dai tsufa ya sa Baffa ya manta, ya shiga falon benen Alhaji da takalmi na lilo a ƙirji. Shi kuwa Alhaji irin mutanen nan ne da ke ganin duk wanda aka haifa a kan dutse ɗan uwan biri ne. Baffa ya ga an ƙura wa ƙirjinsa ido, kunya ta kama shi, amma ya dake.

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Baba, yanzu gidan masu sa wa wuya takalmi zan kai 'yata? An ce har yau da awaki kuke kwana ɗaki ɗaya."

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, sai da damina. Su ma ba son ransu ba ne, sun ce muna minshari."

Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Alhaji ya murtuke fuska.

"Bari in gaya maka gaskiya. 'Yata ba za ta zauna inda mota ba ta zuwa ba. Na san garin nan naku sarai, ai ni aka ba kwangilar hanyarku. Ko rabin dutsen ban iya hawa ba na juyo."

Baffa Jatau ya ɗaga kai ya ƙare wa falon kallo, daga tayil ɗin ƙasa har fitilun sama, ya gyaɗa kai kamar mai taya kaya a kasuwa.

"To ai magana ta ƙare, Alhaji. Tunda hanyar tamu ce ta zama wannan benen, ka ba yaran ɗaki ɗaya a sama su tare. Ka ga tana kan hanyar garinmu, kuma mota na zuwa."