Kara Ɗaya, Hawa Bakwai

"Ni da kuke gani, ranar da na ga dama ranar zan bar taba. Ba a yi kwalin da zai fi ƙarfina ba. Shi kuwa wannan ɗan benen, hawa bakwai ɗin nasa a guje zan haye shi, ina waya da iyali."

Kwamanda ke nan, mai gadin ƙofar gaba a ginin da nake aikin gyaran wuta da lif. Kada ka ji sunan ka zaci ya taɓa shiga soja. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da aka ba shi hula mai baki. Shekara goma sha tara yana kan kujera ɗaya, mai juyawa, daidai inda na'urar sanyaya ɗaki take hurowa, ga littafin baƙi a gabansa da biro ɗaure da zare. Kujerar ta lotsa daidai mazauninsa, har in wani ya zauna sai ya karkace. Duk aikinsa bai wuce ya ce wa baƙo ya sa hannu ba, shi ma wani lokacin da haɓa yake nunawa.

Abin da ya jawo wannan kuri wata takarda ce da manaja ya manna a allon sanarwa. Ta ce nan da wata ɗaya jami'in kashe gobara zai zo ya gwada masu gadi. Kowa zai ɗauki tukunyar kashe wuta ya kai ta hawa na bakwai ta matakala, cikin minti huɗu. Wanda ya kasa, za a mai da shi ƙofar baya. Ita kuwa ƙofar baya ba inuwa, ba kujera sai bulo, maƙwabtanka janareta ne da kwandunan shara.

Na ce, "Kwamanda, ka karanta har ƙarshe kuwa? Minti huɗu fa aka ce."

Ya ce, "Mai wuta, huɗu sun yi mini yawa. Sauran biyun zan bar wa yara su ƙara."

Sai tari ya sarƙe shi, irin wanda yake sa baƙo ya ajiye biro ya ja da baya. Da ya lafa ya share ido ya ce sanyin na'ura ne.

Ranar Litinin ya iso da rigar motsa jiki a ƙarƙashin yunifom, da farin takalmi wanda ko takardar farashin bai cire ba. Ya tara mu a bakin teburinsa: ni, da masu gadi biyu, Dogo da Ɗan Auta, waɗanda ƙartai ne duk da sunan, da Inna mai shara. Inna ta haye sittin, kuma kullum sai ta goge matakalar nan tun daga ƙasa har sama da bokitinta.

Ya ɗaga kwalin taba sama ya ce, "Ku buɗe kunne, domin likitoci ma ba su kai nan ba. Zan kai wannan kwali can saman bene, in ɓoye shi bayan tankin ruwa. Duk lokacin da raina ya so kara ɗaya, sai na taka hawa bakwai da ƙafata. In na ƙi hawa, na bar taba. In na hau, na yi motsa jiki. Ku nuna mini ta inda zan faɗi."

Gaskiya a lokacin ni ma ban ga ta inda zai faɗi ba.

Inna ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗan nan. Ɗaga ƙafarka in wuce."

Ɗakin injin lif yana can saman bene, kusa da tankin, don haka duk abin da zan gaya maka a kan idona aka yi. Ƙarfe tara ya bar teburinsa. Tara da minti ashirin da biyar na ji wani sauti yana tahowa daga matakala kamar ana jan buhu, sai ga hula, sai ga Kwamanda a ƙarƙashinta yana dafa bango. Ya zauna a gindin tanki ya yi ta haki, ya zaro kara ya sa a baki, ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Ya bar ashana a ƙasa.

"Mai wuta, kana da ashana?"

"Ni ba na sha, Kwamanda."

"Kai da ake kira mai wuta?"

Ya yi ɗan tunani, sannan ya miƙe ya danna lif. Na ce ashe ba da ƙafa aka ce ba? Ya ce dokar a kan taba ya kafa ta, bai ambaci ashana ba. Ya sauka a lif, ya dawo a lif, ya sha tabarsa da kwanciyar hankali.

Kwana biyu bayan nan ya gano cewa hawa bakwai ya yi wa kara ɗaya tsada. Sai ya koma shan uku a jere duk zuwa, wai don ya rage zirga-zirga. Yana zuwa sau biyar a yini. A da kara goma yake sha. Na yi masa lissafin a bayan kwali, na nuna masa goma sha biyar. Ya karɓa ya duba, ya ce, "To ai ka manta ba ka cire motsa jikin ba."

Ranar Alhamis kuma ya zo da sabon ilimi. Wai ya yi bincike, ya gano saukowa ce ke gina gwiwa, hawa kuwa ɓata ta yake yi. Daga ranar sai ya hau a lif ya sauko da ƙafa. Ranar Asabar ya ce gwiwar ta ginu, kada ya wuce kima, sai ya koma hawa da sauka duk a lif. Amma don Allah kada a zalunce shi: a cikin lif ɗin yakan ɗan ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke, in babu kowa.

Shi kuma mai motsa jiki dole ya ci, haka ya ce. Kwanon da matarsa ke haɗo masa ya tashi daga ɗaya ya zama biyu, ga burodi da madara a tsakani. Wata safiya ya zo ɗakin injin ya ari ƙusa da guduma, na ga ya tuɓe bel yana huda sabon rami.

Na ce, "Ta wane ɓangare kake hudawa?"

Ya ce, "Tsoka ce take buɗewa. Kai ba za ka gane ba, aikinka na zama ne."

Abin da ya fi ba ni haushi, wallahi, shi ne yadda ya ɗauki kansa malami. In ya ga Inna ta taho da bokiti sai ya tare ta ya ce tana numfashi ba bisa ƙa'ida ba, ta riƙa ja ta hanci tana saki ta baki. Ita dai sai ta ce to, ta wuce. Dogo da Ɗan Auta kuwa, da suke gudu a matakalar kowace safiya kafin a buɗe ofis, cewa yake yi suna ƙona ƙarfinsu a banza, ranar gwaji za su zo fanko.

A mako na uku lokacin duba lif ya yi, na kashe shi na kwana huɗu. Ba da gangan na yi ba, jadawali ne, ko da yake ban ce raina ya ɓaci ba. Kwamanda ya tsaya a gaban takardar da na manna, ya karanta ta sau uku, ya dube ni kamar na yanke masa ruwan gida.

Da rana ya hau da ƙafa, minti arba'in, ya ɗauko kwalin ya sauko da shi hawa na biyar, ya cusa shi bayan wata tukunyar fure. Ya ce wannan shi ne mataki na biyu na tsarin. Washegari kwali ya sauko hawa na uku. Jibi yana hawa na ɗaya, a cikin akwatin mitar wuta, inda na kusa damƙo shi a madadin fis. Kafin in kunna lif, kwali ya dawo aljihun teburinsa, kusa da ashana.

Na ce, "Kwamanda, tsari ya ƙare ke nan?"

Ya ce, "Yanzu ya kai ƙololuwa. Matsoraci ne ke ɓoye wa abokin gaba. Ni ga shi a gabana, ido cikin ido."

Yana faɗa yana fita bayan gini da kara biyu a saƙale a kunne.

Matarsa kuwa, baiwar Allah, ta yarda ya bari. Ta taɓa kawo masa kwano da ya manta, ta tsaya ta gaishe ni, ta ce, "Malam mai wuta, mun gode da kuke ƙarfafa masa gwiwa. Sai dai janaretan nan naku, kullum rigar Baban yara warin hayaƙinsa take." Na ce lallai janareta ya tsufa. Na ji kunya ƙwarai, domin fuskarta cike take da murna.

Ranar gwaji ta zo. Jami'in kashe gobara wani siririn mutum ne marar fara'a, da agogo rataye a wuya. Ya zo da gadon ɗaukar marasa lafiya da wani buhun yashi da aka ɗinka masa kai da hannuwa, siffar mutum. Ya ce bayan gwajin tukunya, mutum biyu za su sauko da buhun daga sama a kan gadon, a matsayin wanda hayaƙi ya sumar. Manaja yana tsaye da takarda. Matar Kwamanda ma ta zo, domin shi ya gayyace ta, ya ce ta zo da waya mai hoto.

Dogo ya yi minti biyu da rabi. Ɗan Auta ya yi uku. Suka dawo suka ɗauki buhu da gado suka hau da su sama, suna jiran a ba su izinin saukowa.

Kwamanda ya gyara hula, ya miƙa hannu sama, ya taɓa gwiwa, domin yatsun ƙafa sun yi nisa. Ya ce wa jami'i, "Ranka ya daɗe, ka riƙe agogon da kyau, kada ka ƙifta." Ya ce wa matarsa, "Maman yara, ki ɗauka tun daga farko, ba zan daɗe ba."

Aka hura usur. Ya sungumi tukunya ya zabura. Hawa na ɗaya, gaskiya, ya ba ni mamaki. Hawa na biyu muka ji takun ya ragu. Daga nan muka ji tukunya ta taɓa ƙasa, muka ji tari, sai shiru.

Minti huɗu suka cika. Shida suka cika. Jami'i ya ce in leƙa. Na same shi tsakanin hawa na biyu da na uku, kwance rigingine, ya rungume tukunya a ƙirji, idonsa a silin. Inna tana goge matakala a gefensa, ta zagaye shi da tsumma tsaf, ta bar busasshen wuri daidai siffarsa.

Na ce, "Kwamanda, lafiya?"

Ya ce, da kyar, "Dabara ce. Ina tara ƙarfi."

Jami'i bai san abin da ake ciki ba, ya hura usur na biyu. Sai ga Dogo da Ɗan Auta sun taho a guje da gado. Suka iso kansa, suka dubi buhu, suka dubi Kwamanda. Dogo ya ce, "Wannan ya fi bukata." Suka juye buhun a ƙasa, suka ɗora shi, suka sauko da shi har gaban manaja, hula a kan tumbi, farin takalmi yana kallon sama. Matarsa tana ɗauka, kamar yadda aka umarce ta. Da suka sauke gadon, kwalin taba ya zamo daga aljihunsa ya faɗi a gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta juya shi, ta sa a jaka. Ni da na ga fuskarta, na gwammace a ce ta yi faɗa.

Jami'i ya duba agogo ya ce wannan ceto ya yi kyau, kuma da nauyin da ya wuce ƙa'ida.

Kwamanda ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai manaja, a yi la'akari, ban ce na gama ba. Sauko da ni aka yi."

Manaja ya ce, "An yi la'akari. Gobe ƙofar baya."

Jami'i ya tafi a gaggauce ya manta buhunsa. Inna ta jawo shi daga matakala domin ya tare mata wurin shara, ta rasa inda za ta ajiye, sai ta jingine shi a kan kujerar Kwamanda. Ya zauna daram a cikin lotsawar, ko karkacewa bai yi ba. Ɗan Auta ya tsinci hular Kwamanda da ta faɗi ya ɗora wa buhun.

Kwana uku buhun nan yana gadin ƙofar gaba. Baƙi suna shigowa su yi masa sallama, su sa hannu a littafi, su wuce. A rana ta uku wani babban darakta, wanda bai san an yi sauyi ba, ya kira manaja ofishinsa ya ce a rubuta wa Kwamanda takardar yabo: tun da yake zuwa ginin nan bai taɓa ganin ya yini a bakin aikinsa haka ba, kuma ga shi tarin ma ya bari.