Ranar da Motata Ta Soya Ƙosai a Kibiya

Ba zan taɓa mantawa da azumin da ya biyo bayan samun mulkin kai ba, ko na so in manta ma mutanen Kibiya ba za su bar ni ba. Lokacin ina malamin gona a Rano, kuma ina da mota. Kada mai karatu ya raina wannan magana. A zamanin, in ka cire motar hakimi da manyan motocin da ke zuwa kwasar gyaɗa, duk wata ƙafa huɗu da ke yawo a garin ta jaki ce ko ta doki.

Tawa wata 'yar baƙar mota ce da ta ga jiya ta ga yau. A hannun Baturen gona na saye ta da zai koma ƙasarsu, ya haɗa mini da akwatin sifanu, da galan ɗaya na baƙin mai, da wani littafi mai hotunan kayan cikin inji. Wannan littafi shi ya kai ni ya baro ni. Na canja filogi sau ɗaya mota ta tashi, na yi wa taya faci ta riƙe iska, shi ke nan kaina ya kumbura. Duk majalisar da na zauna sai na shaida musu cewa kanikawan Kano ba su fi ni komai ba sai dauɗar riga. (Turancin littafin kuwa rabi nake ganewa, sauran rabin hotuna nake bi da hasashe.)

Mahaifin matata Asabe, Malam Habu, malamin tafsiri ne da ake ji da shi. Mutum ne mai ƙarancin magana, tun da na auri 'yarsa ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, kuma ban taɓa jin ya yabe ni ko ya kushe ni ba. A tsakiyar azumin nan mutanen Kibiya suka gayyace shi ya je ya yi musu karatu na rana ɗaya. Bisa al'ada dokinsa yake hawa. Ni da rawar kai na je na durƙusa a zaurensa, na ce ai bai kamata yana da ɗa mai mota ya sha rana a kan sirdi da azumi a bakinsa ba. Ya ce dokin bai gaza ba. Na nace. Daga ƙarshe ya ce to, bayan azahar.

Da hantsin ranar tafiya sai na ga ya dace in yi wa motar gata, in juye mata baƙin mai. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta, na kwance noti, tsohon mai ya tsiyaye cikin yashi tas. (Littafin ya ce a tara kwano. Ni na ga ɓata kwano ne.) Na fito ina kaɗe hannu, na ɗauko galan ɗin Bature, wanda tun da ya zo hannuna girgiza shi kawai nake yi in ji motsi a ciki in mayar. Ina buɗe murfi warin kananzir ya daki hancina. Ashe man ya ƙare tuntuni, kukun Baturen ya mai da galan ɗin mazubin kananzir.

Na zauna a kan buhun nan ina kallon yashin da ya shanye mini mai. Babu mai sayar da baƙin mai a Rano, direbobin manyan motoci kuwa sai ranar kasuwa, Kano kuma ba nan kusa ba. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya tafi wurin Malam ya ce a ɗaura wa doki sirdi. To amma da wane bakin? Ni da na ce doki wahala ne?

Asabe ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ita kuwa duk azumi takan soya ƙosai da yamma, a kai masallaci sadaka, a kai gidan mahaifinta. Na leƙa madafi sai ga kwalaben man gyaɗarta a jere, suna ƙyalli. Nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni, ko da yake an ce a ɗaure yake a watan, don haka ina jin ni kaɗai na yi abina. Na ce a raina, mai ai mai ne. Ni ne fa kullum nake gaya wa manoma cewa gyaɗa ita ce arzikin ƙasa. Wa ya sani ma ko baƙin man daga gyaɗar tamu Turawa suke yinsa, su rina shi su dawo mana da shi?

Na ɗura kwalaben duka, na zaro sandar awon mai na ga bai kai layi ba. Sai na koma na ɗauko kaskon suya da ragowar man jiya a ciki, na tace da wani tsohon ɗankwali mai huji biyu ko uku, na ƙara. Na murza makulli, inji ya tashi lafiya lau, har ya fi na kullum taushin murya. Wallahi a lokacin har tunani na yi ko in rubuta wa ofishinmu takarda in ba su labarin abin da na gano.

Bayan azahar na ɗauki Malam a gaba. A baya kuma Alaramma Sule ne, mai ja masa baƙi, wani siririn tsoho da idonsa ya yi rauni, amma hancinsa Allah ya bar masa shi garau. Muka fita gari, muka bar duwatsun Rano a baya, mota na tafiya sumul. Ina riƙe da sitiyari da hannu biyu, ina satar kallon Malam ta wutsiyar ido ko zan ga alamar jin daɗi.

Ba mu yi nisa ba na ji shi. Wani ƙamshi ne ya fara tasowa ta ƙarƙashin ƙafafuna, irin wanda ke tashi a lungu dab da magariba. Nan take na gane man Asabe ne. Na sauke gilashi, abin ya ƙaru.

Alaramma ya ɗaga hanci sama ya ce, "Ikon Allah. Wa ke suya a dajin nan da tsakar rana?"

Na ce wataƙila daga rugar Fulanin can ne iska ke kawowa. Ya ce shi dai shekarunsa sun kai inda suka kai, bai taɓa jin an soya ƙosai a ruga ba, balle da albasa. Muka wuce rugar, ƙamshi bai wuce ba. Muka wuce gonaki, muka tsallake wani rafi da ya ƙafe, ƙamshi na nan tare da mu kamar fasinja na huɗu. Alaramma ya shiga lalube ƙarƙashin kujera da sandarsa.

Can Malam ya yi gyaran murya, idonsa na kan hanya, ya ce, "Ɗan nan, in akwai wata lalura da ta hana ka azumi, ba abin kunya ba ne. Marar lafiya an yi masa rangwame. Sai dai a ci a ɓoye."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da motar mun shige. Surukina yana zaton ƙunshin ƙosai na ɓoye a mota. Na rantse masa da azumi a bakina. Ya ce to madalla, bai ƙara ba. Na so in faɗi gaskiya, amma na ga rufin gidajen Kibiya sun fara bayyana, na ce bari dai in kai su tukuna, in ya so in san dabarar yi.

Kafin mu shiga gari inji ya fara tari, hayaƙi na fita ta salansa, wani na ɓullowa ta gefen bonet. Jama'a sun cika ƙofar masallaci suna jiran Malam, la'asar ta kawo jiki, wato daidai lokacin da yunwa ke murɗa cikin mai azumi. Muka shigo musu da hayaƙin nan namu. Na ga kawuna suna juyawa, ana waige-waige, ana neman mai kasko. Motar ta yi shaƙuwa sau biyu ta mutu a tsakiyar fili.

Liman ya taho ya buɗe wa Malam ƙofa, aka gaisa, ya jajanta ganin mota na hayaƙi, ya ce ko a nemo wanda zai duba. Sai na ji Malam ya ce, "A'a, ku bar shi. Surukin nawa da hannunsa yake gyaranta, ba ya kai wa kowa." Shekara huɗu ina jiran in ji yabo daga bakin mutumin nan, bai tashi yinsa ba sai ranar.

Duk da haka wani ya keto taro. Mamman Direba ake ce masa, ɗan garin ne, yana jan babbar mota tsakanin Kibiya da Kano. Ya ce in buɗe bonet. Ina buɗewa tururi ya turnuƙe, na gaba-gaba suka haɗiyi yawu (ina fatan ban karya wa kowa azumi ba). Mamman ya zaro sandar awon mai, ya kai hanci, ya dube ni. Ya murza man tsakanin yatsunsa, ya tsinci wani ɗan baƙin abu ya ɗaga shi sama yana dubawa.

Ya ce, "Malam, na shekara goma sha ina buɗe inji. Yau ne na fara ganin albasa a ciki. Wane bakaniken ne ya yi maka wannan aiki?"

Da Malam bai riga ya yi waccan magana ba, da na ɗora wa wani bawan Allah a Kano. To hanya ta toshe. Na sunkuyar da kai na faɗi komai, tun daga yashi har ɗankwali. Sai wani tsoho daga baya ya fara, dariya ta kama kamar wutar kara. Liman ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Alaramma kuwa sai faɗi yake ai shi ya ce da albasa, tun a hanya ya ce da albasa.

Malam shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya tambaye ni a hankali man na wane ne. Na ce na gida ne. Ya ce na ita yarinyar? Na ce e. Ya ce ta sani? Na ce a'a. Ya gyaɗa kai ya shiga masallaci.

Na so in zauna a waje da sunan gadin mota, Liman ya kamo hannuna ya zaunar da ni a sahun gaba, wai surukin Malam ba ya zama a baya. Aka yi karatu mai daɗi. Da aka zo nasiha sai Malam ya ɗauko zancen amana, ya gangaro kan kayan mace a gidan mijinta, ya ce ko cokalin mai ne bai halatta miji ya taɓa ba sai da yardarta. Bai ambaci suna ba, bai dubi inda nake ba. Ba ya ma bukata, jama'ar masallaci sun duba masa.

A Kibiya muka sha ruwa. Kamar da gayya aka dire akushin ƙosai a gabana. Alaramma ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya ce ba laifi, amma na mota ya fi ƙamshi.

Washegari muka dawo a motar Mamman, Malam da Alaramma a gidan gaba, ni a baya kan buhunan dawa. Tawa kuwa ta kwana bakwai a can kafin Mamman ya samo baƙin mai daga Kano, ya wanke injin ya ɗura mata na gaskiya. Ta tashi, amma ba ta ƙara komawa yadda take ba, sunanta kuma ya zama Kasko har na rabu da ita.

Labari ya riga ni isa gida. Ashe Asabe ta dawo daga barka ta buga ƙullunta, ta tarar da kwalabe wayam, sai aron mai ta yi a maƙwabta don kada sadakar ranar ta faɗi. Na shiga da sallama ina shirin dogon bayani. Ta amsa, ta kawo mini tabarma, ta tambayi hanya. Sannan ta ce, "Malam, da ka gaya mini ai da na haɗa maka da ƙullun, ka dawo mana da shi soyayye."

Na ba ta haƙuri, na sayo mata wani man, na kuma ɗauke ƙafa daga majalisa har bayan salla. Abin da na koya dai shi ne, ɗan Adam ba ya rasa yin abin kunya. Amma in har ya zama dole sai ka yi, to kada ka yi mai ƙamshi, kuma kada ka kai shi tsakiyar masu azumi.