Ranar da Na Haɗu da Manomin Dingaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Gwaram ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, abokaina na intanet ba za su bari ba.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a Birnin Kudu. Ina da shafi a intanet inda nake rubuta abubuwan da nake gamuwa da su a aji. Sannu a hankali malamai suka taru a shafin, wasu daga Dutse, wasu Kano, har da Azare. Muka shaƙu sosai ba mu taɓa ganin juna ba. In matar wani ta haihu mu yi barka, in an yi wa wani canjin wurin aiki mu taya shi jimami.

A cikinsu akwai wanda na fi sabawa da shi, mai kiran kansa Manomin Dingaya. Ba ya sa hotonsa, sai na wata gonar riɗi. Duk abin da na rubuta sai ya karanta ya yi tambaya cikin ladabi, har na yanke hukuncin cewa saurayi ne sabon shiga aikin koyarwa. Na riƙa ce masa “ƙanena”. Na taɓa rubuta masa doguwar nasiha a kan haƙuri da yaran da ba sa saurin fahimta. Ya amsa da cewa, “Na gode Malam, ana koyo.”

To, yabo ya yi yawa, kaina ya kumbura. Wata rana na zauna na rubuta tarihina. Na ce tun ina firamare a Unguwar Ya lissafi a jinina yake, ban taɓa sauka daga na ɗaya ba, har malamai kan ba ni littattafan ’yan aji in duba musu. (Gaskiyar magana, sai da na maimaita aji huɗu, kuma lissafin ne ya kayar da ni.) Jama’a suka yi ta jinjina. Manomin Dingaya ya rubuta kalma biyu kacal: “Ikon Allah.” Ni kuwa na ɗauka burge shi na yi.

Bayan ’yan watanni ya gayyace mu walimar saukar Alƙur’ani a gidansa a Gwaram. Mu shida muka amsa. Na ci ado da sabuwar shadda, na kafa hula, na hau mota ina ta shirya irin shawarwarin da zan ƙara ba ƙanen nawa ido da ido.

Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, muna ta gane juna ana dariya. Na ɗaga murya na ce, “Wai ina ƙanena ne? A ce masa yayansa ya iso!”

Sai ga wani dattijo ya fito daga zaure, gemu fari fat, da tabarau, waya a aljihun gaba. Ya ce, “Maraba da Yaya. An sha hanya.”

Muryar kawai na ji na gane shi. Malam Sale ne, malamina na aji huɗu. Wanda ya koyar da ni ajin sau biyu.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Ina cikin gaishe shi, sai ɗaya daga cikinmu, Malam Habu na Azare, wanda bai san dawan garin ba, ya dafa kafaɗata ya ce, “Baba, ai wannan shi ne gwanin namu. Tun yana firamare bai taɓa sauka daga na ɗaya ba!”

Malam Sale ya gyara tabarau ya ce, “Na san shi sarai. Yaro ne mai son karatu. Aji huɗu ma, saboda tsabar ƙaunar da yake masa, shekara biyu ya yi bai yarda ya fita ba.”

Nan take dariya ta ɓarke. Malam Habu har da riƙe ciki. Ni kuwa zufa ta jiƙa shaddar nan sharkaf, ina ta kallon saƙar tabarma kamar a ranar na fara ganin irinta.

Da aka lafa na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Malam, me ya sa ba ku faɗa mini ku ba ne?”

Ya ce, “Kana tsakiyar koya mini haƙuri da yara, ya zan katse malami yana darasi?” Sai ya sassauta murya. “Amma ka bar labarin da ya fi daɗi. A shekara ta biyu kullum aka tashi kai kaɗai kake tsayawa, mu yi ta lissafi da tsakuwa har sai ka gane. Yaron nan nake alfahari da shi, ba mai zuwa na ɗayan nan da ka ƙirƙiro ba.”

Da na koma gida na goge wancan tarihi, na rubuta na gaskiya, har da tsakuwar. Ban taɓa rubutun da ya samu amsa kamarsa ba. Ashe rabin abokan nawa ma akwai ajin da ya taɓa riƙe su. Har yau muna zumunci da Malam Sale, kuma ya ƙi daina kirana Yaya, ko a gaban mutane.

Abin da na koya shi ne: kafin ka yi wa tarihinka kwalliya a intanet, fara bincikawa ko malaminka na firamare ya iya latsa waya.