Ranar da Na Yi wa Kare Kallon Ragon Layya

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kwashi ƙafa tun daga Paris har Lyon don kawai in kunyata kaina da hannuna.

Ina aiki ne a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Montreuil da ke gefen Paris (mutanen gida a Maraɗi "asibiti" kawai nake ce musu, ba na ƙarasawa). Mai asibitin dattijuwa ce, kuma alƙaliya ce a gasar karnuka. Ita ta sa sunana a horon sababbin alƙalai, ta ce idan na ci jarrabawar Lyon zan riƙa bin ta gasa ina mataimakinta. Gurbi ɗaya ne tak, kuma sai da ta tsallake abokan aikina biyu ta ba ni.

Wata da watanni ana nanata mana abu ɗaya. Kowane jinsin kare da siffarsa a rubuce, amma lafiya ce gaba. Kare mai ƙiba, ko wanda hancinsa ya lotse har numfashi ke ba shi wuya, ba ya samun lamba komai kyansa. Na haddace tsaf. Matsalar ita ce ni ɗan dillalin tumaki ne, na iya latsa gadon bayan rago tun kafin in iya rubuta sunana.

Ranar jarrabawa a Lyon, aka jero mini karnukan buldog huɗu, gajerun nan masu fuska kamar an matse tsumma. Mai jarrabawar, wani dogon tsoho da biro a kunne, ya ce in jera su daga na ɗaya zuwa na huɗu.

Idona ya faɗa kan na uku a layin. Tubarkalla, wuya ninki-ninki, baya shimfiɗe. Hannuna bai jira shawarata ba. Na danna gadon baya, na damƙi gindin wutsiya, na shafa haƙarƙari ban ji ƙashi ko ɗaya ba. Sannan (nan ne wurin da har yau ke sa ni rufe fuska) na rungumo shi na ɗan ɗaga don in ji nauyi, na gyaɗa kai irin na Baba a kasuwar dabbobi. Na ba shi na ɗaya.

"To," in ji tsohon, "a zagaya fili da shi sau ɗaya."

Ko rabi bai kai ba ya zube, harshe waje, yana minshari ido biyu. Ashe da gangan aka kawo shi, shi ne wanda ake jira mu fitar.

"Me ya burge ka a jikinsa?" tsohon ya tambaye ni.

Kaina ya kulle, gaskiya ta kuɓuce. Na ce, "Yana da nama."

Ya zare biron daga kunne a hankali. "Ba cin sa za mu yi ba."

Har masu karnukan sai da suka dara. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Ran Litinin na faɗa wa dattijuwar komai. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ta ce, "Abin da alƙali ya yaba, shi masu kiwo za su yi ta haifarwa. Da ka ba shi lamba, 'ya'yansa ma haka za su yi ta haki." Gurbin ta miƙa wa wani, ni sai baɗi.

Na dai koyi cewa kai na iya haddace littafi, hannu kuma yana nan da karatunsa na gida. Yanzu duk dabbar da aka kawo, hannuna na aljihu sai na gama sauraron numfashinta.