Malam Ƙara-Ɗaya da Ƙwayoyin Kaka Mairama

Daga Kankia har Kusada babu masani kamar Malam Sada, malamin ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Wanda ke shakka ya tambaye shi da kansa. Wata shida kacal ya yi yana koyon aiki a Katsina, ya dawo da farar riga, da alƙalami uku a aljihu, da garmaho, wato akwatin waƙa. Maganin duk da bai yi aiki ba, nasa ɗaya ne: "A ƙara ɗaya." Har sunan ya bi shi.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a tura shi Kano ƙaro ilimi, kuma sai Baturen likita ya sa hannu. Sai ga Kaka Mairama, maƙwabciyarsa mai dama masa furar yamma, ta zo da kukan rashin barci. Malam ya ga tsanin hawa.

"Wannan ciwo," in ji shi, "a Ingila ma mutum uku suka san kansa. Ƙwaya ɗaya kullum."

Bayan mako ta ce da sauƙi, amma da saura. Ya ƙara ɗaya. Mako na gaba ta zo tana sa albarka, wai rabonta da irin wannan barci tun kafin Malam ya tare a unguwar. Daɗi ya kashe shi. Shi kansa kwanakin nan ko garmahon da ya saba kunnawa bayan isha'i ba ya iya taɓawa, da ya sha fura sai ya ɓingire. Ya ce nauyin ilimi ne.

Ana gobe Bature zai zo rangadi, ya kira ta.

"Yau uku."

"Malam, biyun nan sun isa fa."

"Kaka, ni na je Katsina ko ke?"

Washegari da hantsi Bature ya iso, riƙe da takardar tura Malam Kano. Da ƙyar aka taso Malam, rigar a birkice. Ya zaunar da Kaka a gaba don shaida, ya gyara murya: "Ranka ya daɗe, a fagen ilimin barci, ni..." Ya dafa benci. Ya zauna. Minsharinsa har wajen masu jiran a wanke musu gyambo.

Bature ya sa tafinta ya tambayi tsohuwa yadda take shan maganin.

"Ni? Ban taɓa sa shi baki ba. Ai ciwon ba jikina yake ba, bayan danga yake. Akwatin waƙarshi ke hana mani barci, shi ya sa nake dama mashi abinshi cikin hura."

Bature ya mayar da takardar Kano cikin jaka. Kaka ta dubi Malam, tausayi ya kama ta.

"Wallahi na ce mashi biyu sun isa. Shi ya ce a ƙara ɗaya."