Ranar da Na Tace Ruwan Zauro

Ba zan taɓa mantawa ba, kai, har yau in na ga kwalba sai gabana ya faɗi. Bayan na gama sakandare wata malama mai binciken ruwa a Birnin Kebbi ta ɗauke mu gwaji, ni da Hauwa'u 'yar Argungu, a kan ɗaya za ta riƙe. Aikinmu ɗebo ruwan kogi a kwalabe, ita kuma ta duba gansakukar ciki a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa.

Hauwa'u ɗiyar masunta ce, tana shiga kwalekwale kamar ɗakin uwarta, ni kuwa sai na damƙe gefe ina salati. Kullum Malama sai "Madalla, Hauwa'u." Ranar da Malama ke mana bayanin aikin ma ban ji komai ba, ina can ina kallon yadda take dafa kafaɗar Hauwa'u (tawa fa ba ƙaya gare ta ba).

Sai aka raba mu, Hauwa'u Argungu, ni Zauro. Kwalabenta kullum kore shar kamar miyar kuka, don haka na ce yau za a ga wadda aka yi wa tarbiyya. A gidanmu ba a miƙa wa babba ruwan kogi haka nan. Na tace da gefen mayafina, na jefa alam, dattin ya kwanta, na tsiyaye. Garau! Har ina ɗaga kwalbar a cikin mota don a gani.

Malama ta fara duba na Hauwa'u. "Masha Allah, iri-iri! Ga masu zare, ga 'yan dunƙule. Ruwan da gansakukarsa ta yi kala-kala lafiyayye ne. In iri guda ya mamaye, to taki ko ƙazanta sun yi yawa."

Ta ɗiga nawa a na'urar. Ta leƙa. Ta sake ɗigawa, fuskarta ta canza.

"Ko ɗaya babu! Inna lillahi, ruwanga ya mutu. Ko maganin feshin shinkafa ne?" Ta jawo waya za ta kira mai gari a hana mutane sha da kamun kifi.

Gari guda zan hana wa ruwa saboda kishi!

Na ce, "Malama... ni na gyara shi."

"Kinka yi mi?"

"Na tace. Na sa alam kaɗan."

Hauwa'u ta durƙushe tana dariya har da hawaye. "Ke kam 'yar uwa, in anka aike ki ɗebo kifin bincike, soyayye za ki kawo!"

Malama ta ajiye wayar, ta ce, "Ɗiyata, tsabtarki ta kashe mini shaidu."

Hauwa'u aka riƙe. Ni aka ce in riƙa zuwa wankin kwalabe, tunda can baiwata take. Na dai koyi cewa in an aike ki ɗebo datti, ki kawo shi da dattinsa. Ita kuwa har hular rana aka ba ta. Ba ta ma yi mata kyau ba.